Sabuwar C63 mai fulogi huɗu: na tuƙa ta, ga abinda na gani

Tun watan Satumban 2022 da Mercedes suka nuna wa duniya sabuwar AMG C63 S E Performance (AMG shine sashensu mai haɗa motocin gudu) ake ta zaginta, kuma duk zagin akan abu ɗaya yake tafiya, wai ta yaya za a ɗauki motar da kowa ya santa da V8, wato inji mai fulogi takwas, a saka mata inji mai fulogi huɗu, lita 2 kacal, girman injin da muka saba gani a motocin kai yara makaranta, sannan a ce ka biya kuɗin da ya fi na waccan. Yawancin masu wannan maganar basu taɓa riƙe sitiyarinta ba, a bidiyo kawai suka ji ƙararta suka yanke hukunci. Wani abokina ya shigo da ita Abuja, ya bani na tuƙa cikin gari da kan babban titi har na san halinta daidai gwargwado, kuma abinda zan faɗa muku shine injin nan da ake ta zagi shine abu mafi kyau a jikin motar. Matsalarta a wani wurin take, nauyi, zan zo kanshi.

Ga wanda bai san dalilin da yasa ran mutane ya ɓaci haka ba, C63 ta farko wato W204 da ta fito wajen 2008 injinta lita 6.2 ne, V8 ba turbo, mai ƙarfin doki 457, idan aka tada ta a layinku sai kowa ya leƙo. Wadda ta biyo bayanta W205 aka rage zuwa lita 4.0 amma aka saka turbo biyu, mai S ɗin tana bada doki 510, har yanzu V8 ce kuma tayoyin baya kaɗai ke tura ta. Mutane sun yi shekaru kusan goma sha biyar suna sayen C63 saboda wannan gurnanin. To kwatsam sai ga wannan sabuwar, W206, da rabin fulogin. Kuma ba wai injiniyoyin sun tashi da safe ne suka ce bari mu ɓata wa mutane rai ba, Tarayyar Turai ta kafa doka cewa idan aka haɗa duk motocin da kamfani ya sayar a shekara, matsakaicin hayaƙin da suke fitarwa kada ya wuce iyakar da aka yanka masa, wadda a wancan lokacin ake lissafawa daga giram 95 a kowace kilomita, idan ya wuce akwai tarar Yuro 95 akan kowane giram ɗaya, a kowace mota ɗaya da aka sayar. Lissafa wannan akan kamfanin da yake sayar da motoci dubu ɗaruruwa a Turai kaga kuɗin. Shi yasa tun daga zanen farko aka yi wannan C-Class ɗin gaba ɗayanta don inji mai fulogi huɗu.

Toh injin. Sunansa M139, shine dai wanda yake cikin ƙaramar motarsu A45 S inda yake bada doki 421, a can a gicciye yake, a nan suka juya shi a tsaye suka ƙara masa babban turbo ya koma doki 476. Inji lita 2 fa, shi kaɗai ba tare da lantarki ba ya fi waccan lita 6.2 ɗin ta W204 ƙarfi. Lokacin da ya fito babu wani inji mai fulogi huɗu da ake sayarwa a kasuwa da ya kai shi. Kuma har yanzu da hannu ake haɗa shi a Affalterbach can Jamus, mutum ɗaya ne yake haɗa inji ɗaya daga farko har ƙarshe sannan ya saka hannu a ƙaramin farantin ƙarfe a samansa, idan ka buɗe bonet zaka gani da idonka.

Abinda ya fi burge ni shine turbo ɗin, bari na ɗan tsaya a nan don mutane da yawa suna jin ana cewa turbo basu san me yake yi ba. Turbo fanka biyu ce akan sanda ɗaya. Hayaƙin da yake fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu wadda take danna iska cikin injin da ƙarfi, iska da yawa sai ta ƙona mai da yawa, sai ƙarfi ya ƙaru. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita, idan kana son ƙaramin inji ya bada ƙarfi mai yawa dole turbo ɗin ya zama babba, babban turbo kuma yana da nauyin tashi, ka taka totur sai ka jira hayaƙi ya taru kafin ya fara aiki, wannan ɗan jiran duk wanda ya tuƙa tsofaffin motoci masu turbo ya san shi, shiru shiru sannan ta fizge ka lokaci ɗaya. Abinda AMG suka yi tare da kamfanin Garrett shine suka saka siririn motan lantarki, kaurinsa wajen santimita 4, a kan sandar turbo ɗin kanta tsakanin fankokin biyu. Kana taka totur lantarki ne yake fara juya shi tun kafin hayaƙi ya iso, idan ka ɗaga ƙafa ma baya barin shi ya kwanta, yana riƙe dashi yana juyawa yadda idan ka sake takawa yana nan a shirye. Wannan dabarar daga tseren Formula 1 ta zo, daga 2014 zuwa 2025 motocin tseren sun yi amfani da irinta, kuma da ita Mercedes suka ci kofin kamfanoni sau takwas a jere daga 2014 zuwa 2021. Su kansu masu tseren sun cire ta daga dokokin 2026 saboda tsada da wahalar haɗawa, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abinda yake ƙarƙashin bonet ɗin nan ba ƙaramin aiki bane.

A bayan motar kuma akwai wata duniyar daban. Tsakanin tayoyin baya sun saka motan lantarki mai doki 204, yana da giyarsa ta kansa guda biyu, ta biyun tana shiga ne wajen gudun kilomita 140 a awa, wato motar nan giyabos biyu gareta, mai giya tara a gaba da mai giya biyu a baya, kwamfuta ce take daidaita su. A saman wannan aka ɗora batir ɗin. Batir ɗin ƙarami ne, kilowat-awa 6.1, da lantarki zalla wajen kilomita 13 kawai zai kai ka, kuma na ga masu cewa ai wannan ba komai bane, gaskiya ne ba komai bane idan ka ɗauka don tsimin mai aka yi shi. Ba don haka aka yi shi ba. An yi shi ne ya zuba wuta da sauri ya kuma sha caji da sauri, akai akai, ba tare da ya yi zafi ba. Akwai ƙananan sel guda 560 a ciki, kowane ɗaya a tsome yake cikin wani ruwa na musamman da wutar lantarki bata bi ta cikinsa, wajen lita 14, famfo yana zagayawa dashi don batir ɗin ya tsaya a zafin digiri 45 ko da yaushe. Idan ka haɗa injin gaba da motan baya shine ake samun doki 680 da ƙarfin juyi 1,020 Nm. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa daƙiƙa 3.4. Kuma wannan ce C63 ta farko da duk tayoyin huɗu suke ja.

Yanzu tuƙin. Idan ka danna maɓallin tadawa a yanayin tuƙi na Comfort babu abinda zaka ji daga injin, a lantarki take tashi, ka fita daga gida da asuba zuwa masallaci ko filin jirgi ba wanda zaka tayar daga barci, ni wannan ya min daɗi sosai ba kaɗan ba. Cikin go-slo ɗin gari tana tafiya a natse, injin yana shigowa yana fita. Da na samu titi a buɗe ba kowa a gabana na taka ta sosai, wallahi ba wani jira, ƙafarka na sauka bayanka na mannewa da kujera, lantarkin baya ne yake fara tura ka nan take sannan injin ya karɓa, kuma injin nan yana son a ja shi sama, sai ya haura juyi 5,000 a minti zakaji ya buɗe gaba ɗaya yana tafiya har wajen 7,000. Wuce babbar mota akan hanya abu ne na ƙiftawar ido. Sai dai ku sani cikakken ƙarfin motan lantarkin na daƙiƙa 10 ne a lokaci ɗaya, bayan haka yana sauka zuwa wajen doki 95 wanda zai iya riƙewa ba tsayawa. A titin mutane ba zaka taɓa lura da wannan ba, don duk wanda ya danne totur ɗin motar nan har ƙasa na daƙiƙa goma ya riga ya wuce gudun da hankali zai ɗauka, kuma dan Allah matasanmu masu wasan mota a wajen biki, wannan ba abin gwadawa bane a cikin jama'a, mun binne mutane da yawa saboda wannan.

A kwana tana juyawa fiye da yadda girmanta ya nuna, saboda tayoyin baya ma suna juyawa kaɗan. Ƙasa da gudun 100 suna karkata sabanin na gaba har digiri 2.5, shi yasa yin kwana a ƙaramin layi ko shiga fakin yake da sauƙi, sama da 100 kuma suna bin na gaba kaɗan don ta zauna daram idan zaka canza hannu. Nauyin ma sun raba shi kusan daidai tsakanin gaba da baya tunda injin gaba ya rage nauyi batir kuma yana baya.

To amma nauyin nan fa yana nan. Motar ta haura kilo 2,100. Ta fi wadda ta gada nauyi da sama da kilo 300, kamar ace ka ɗauki tsohuwar C63 ka loda mata buhun shinkafa mai kilo 50 guda shida ko bakwai kuma bazaka taɓa sauke su ba. Kwamfuta tana ɓoye maka shi a lokacin tashi, tana ɓoye shi a kwana ɗaya mai faɗi, amma akwai wuraren da ba a iya ɓoye shi, idan ka zo taka birki daga gudu sosai zakaji abu mai nauyi ne kake ƙoƙarin tsayarwa duk da manyan birkin da aka saka mata, idan kwana biyu suka zo a jere hagu da dama zakaji jikin yana ɗan jinkirin bin umarni, kuma idan ka hau gargada dole shokazoba su yi tauri don su riƙe wannan lodin. A nan ne nake ganin lissafin ya juya musu. An cire fulogi huɗu don a rage shan mai da hayaƙi, sai aka ƙara batir da motan lantarki da giya ta biyu da famfuna da lagireto kala kala don a maido da ƙarfin da aka rasa, sai motar ta yi nauyi, sai ya zama dole a ƙara ƙarfi don a ja nauyin. Kowane ɓangare idan ka ɗauke shi shi kaɗai aikin gwanaye ne, amma da aka haɗa su sai ga mota mai doki 680 da take kai 100 a daƙiƙa 3.4, ita kuma BMW M3 Competition ta lokacin da wannan ta fito, mai jan taya huɗu da fulogi shida lita 3 da doki 510, ba batir ba komai, tana yi a 3.5. Doki 170 na bambanci ya tafi wajen ɗaukar kaya. Wannan abin yana min ciwo gaskiya, don mutanen da suka iya haɗa turbo irin wancan sun cancanci aikinsu ya fito fili fiye da haka.

Maganar ƙara kuwa ba zan ɓoye ba, bata kai ba. Inji mai fulogi huɗu ba zai taɓa yin gurnanin V8 ba ko me aka yi masa, yadda fashewar mai take bin juna a ciki ne daban. Sun ƙara da sifika a ciki da waje don sautin ya cika, a Sport+ tana da ɗan kaushi da tartsatsi idan giya ta canza, ba muni gareta ba, amma bata sa gashin jikinka ya tashi. Wanda ya ce wannan ba komai bane bai fahimci me yasa mutum yake zuba kuɗi a irin wannan motar ba, ai ba don ya isa wurin aiki da wuri bane. Shi kansa shugaban AMG na wancan lokacin Michael Schiebe ya fito ya amince cewa sun rasa wasu kwastomominsu masu son V8 saboda wannan canjin.

Ciki ba sai na daɗe ba, C-Class ce mai kyau, allon tsakiya inci 11.9 a tsaye, na gaban direba 12.3, kujerun suna riƙe mutum, fitilun ciki da daddare abin kallo ne. Ni dai na fi son maɓallin da zan danna naji ya danna akan irin na shafawa da suka saka a sitiyari, amma ƙananan maɓallai biyu masu zagaye da ke ƙasan sitiyarin na canza yanayin tuƙi sun yi daidai, hannunka baya barin wurinsa. Yanayin tuƙin har guda takwas ne, yawancin mutane biyu zasu riƙa amfani dasu. But kuma ya ragu sosai saboda batir yana ƙarƙashinsa, C-Class ta gama gari lita 455 gareta, wannan wajen 280, da tudu a ciki, idan mai iyali ne kai kuma kana tafiya gida da sallah da akwatuna ka saka wannan a lissafi.

Shan mai a takarda sun rubuta lita 6.9 a kilomita 100, wannan gwajin Turai ne da ake farawa da batir a cike, kada ka ɗora kasafinka a kai. Idan kana tuƙa ta yadda aka yi ta don a tuƙa zata sha sosai, tan biyu ce.

Abinda ya fi damuna a matsayina na wanda yake zaune a nan shine riƙonta. Injin da ake matse doki kusan 240 daga kowace lita ɗaya baya wasa da ingancin mai, fetur mai lamba 98 aka tsara masa, mu kuma gidajen manmu kala ɗaya suke sayarwa, ba a tambayarka wanne kake so. Kwamfutar zata ja ƙarfin baya don ta kare injin idan man bai kai ba, wato ka biya kuɗin doki 680 kana tuƙa ƙasa da haka, kuma a zafin watan Maris da Afrilu abin ya fi tsanani. Baƙin mai ma dole wanda kamfanin ya amince dashi, ba na gefen titi ba, kuma ni zan canza shi kafin lokacin da allon ya nuna saboda ƙurar mu. Lagireton gaba suna da yawa, na inji daban na batir daban, idan ƙurar hunturu ta toshe su duk wannan sanyayawar da na yaba a sama ta tashi aiki, sai an riƙa wanke su.

Sannan gyara. Muna da makanikai masu basira a Apo da Ƙofar Ruwa da Panteka, mutanen da zasu sauke injin Benz su mayar ba tare da littafi ba, ina girmama su ƙwarai. Amma motar nan tana da wuta mai ƙarfin bolt 400 a jikinta, duk wayar da ka gani ruwan lemo a cikinta zata iya kashe mutum, ba irin wutar batir bolt 12 bace da mai rewaya yake gwadawa da ɗan ƙwan fitila. Akwai yadda ake kashe wutar kafin a taɓa, akwai safar hannu ta musamman, akwai kwamfutar da take magana da motar. Idan ka saye ta, tun kafin ta iso ka nemo wanda aka horar akan motoci masu irin wannan wutar, kuma kada ka bari a yi mata gwaje gwaje, don ran yaron gareji ya fi motar daraja. Kayan gyaranta irin turbo ɗin nan ko famfon batir ba abinda zaka shiga kasuwa ka ɗauko bane, oda ne, da dala, da jira.

Farashinta a Amurka a 2024 ya fara ne daga wajen dala 85,000 sabuwa, kafin jirgin ruwa da kwastan. Idan kai mutum ne mai son fasaha, wanda zai zauna ya karanta yadda wuta take zagayawa a allon, yana son fita shiru da safe kuma ya samu mugun ƙarfi idan ya buƙata, kuma wannan ba ita kaɗai ce motarka ba, zakaji daɗinta kuma zaka tuƙa abinda babu irinsa a ajinta. Idan kuma abinda kake nema shine abinda sunan C63 ya saba baka, nemi W205 mai tsafta wadda aka riƙe da kyau, makanikanmu sun san injinta. Da kuɗina ne a hannu kuma sabuwa nake so, M3 zan ɗauka, saboda ta fi sauƙin nauyi kuma abubuwan da zasu iya lalacewa a jikinta basu kai na wannan yawa ba.

Ga waɗanda duk da haka ita suke so kuma ta gwanjon Amurka zasu shigo da ita kamar yadda aka saba, ku duba hotunan da kyau. Wadda aka buga ta baya ku barta ko nawa aka sauke farashin, don batir da motan lantarki da giyar baya duk a nan suke, wadda ruwa ya ci kuwa ko kyauta ce kada ku karɓa. Ku tambayi wayar caji ma, ta Amurka bakinta daban da ta Turai kuma wadda ake sakawa a soket ɗin gidajensu ta bolt 120 ce, mu namu 230 ne, sai ka nemi wadda ta dace. Cajar cikin motar kilowat 3.7 ce, batir ɗin yana cika cikin awa biyu ko ƙasa da haka, amma idan wutar unguwarku tana hawa da sauka ko janareto ne, gara ka bar injin ya riƙa caja shi da kansa akan hanya, a Race yana cika shi da sauri.